Agogon 10 MHz ɗaya ga HackRF biyu: ya isa a gane inda sigina ke fitowa?

ƊanJega_RF
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga masu SDR, wato rediyon da kwamfuta ke sarrafa siginarsa. Allon SDR na HackRF One guda biyu, eriya biyu a jere, ana son a gane ta wane ɓangare sigina ke zuwa a wajen 433 MHz, ta hanyar kwatanta abin da kowace eriya ta ji. Shirin shi ne a samo ƙaramin allon GPS na u-blox, a saita ƙafarsa ta bugun lokaci ta riƙa fitar da 10 MHz, a raba wa CLKIN, bakin shigar agogon waje, na duka biyun da mahaɗin T. A fahimtata, in dai agogo ɗaya suke sha, komai nasu ya zama ɗaya, sai lissafi kawai ya rage. Haka ne, ko da abin da ban hango ba?

Injiniya_Gwandu
Wa alaikumus salam. Da abin da ba ka hango ba, ɗan'uwa, har guda biyu. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa su kira "agogo ɗaya": firikwensi, lokaci, da fes. 10 MHz na farkon kaɗai yake ba ka.

Kiristal ɗin cikin HackRF zai iya kaucewa har ppm 20, wato kashi 20 cikin miliyan. A 433 MHz wannan kusan 8.7 kHz ne, kuma kowane allo da irin tasa kaucewar, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ka ba su madogara ɗaya, wato agogo ɗaya da za su bi, wannan matsala ta kau, ba wanda zai riƙa tsere wa wani. Amma 10 MHz bai san ƙarfe nawa ba. Kowane zagayensa kamar ɗan'uwansa yake, babu wanda aka yi wa alama cewa daga nan za a fara ƙirga. Kwamfuta za ta ce wa na farko ya fara, sannan ta ce wa na biyu, tsakaninsu akwai jinkirin USB wanda ba ya tsayawa a adadi ɗaya. In kana ɗaukar samfur miliyan 10 a sakan, milisakan ɗaya kacal samfur 10,000 ne. Aikinka kuwa a ƙasa da samfur ɗaya yake.

TsohonMaiGyara
Yaro, ka san lugude? Mata biyu, turmi guda, saurin daka guda, amma in taɓaryar wagga ta sauka ta waccan tana sama. Wanga shi ne fes. Saurin ka daidaita, ba ka daidaita sauka ba. Kuma abin haushi, duk sa'ad da anka tsaya anka sake farawa, tazarar sauka ba ta komawa inda take da.

ƊanJega_RF
Baba na gane misalin. Amma me zai sa tazarar ta canza, tunda daga 10 MHz ɗin nan ne ake haifar duk sauran?

Malama_Zuru
Saboda ba ninka shi kai tsaye ake yi ba. A cikin HackRF, guntun Si5351 ne ke karɓar madogarar ya rarraba, sannan MAX2837 da RFFC5072 kowanne yana da PLL nasa, da'irar da ke kulle firikwensi a kan madogara, mai rarrabawa da ɓarin lamba. PLL yana kama firikwensi daidai, amma masu rarrabawar cikinsa suna farawa ne daga duk inda suka samu kansu a lokacin da umarni ya iso. Don haka kowace sauya tasha, bambancin fes tsakanin allunan biyu sabon adadi ne tsakanin digiri 0 da 360. Yana zama daram bayan ya kama, wannan ne alherin agogo ɗaya, amma sai ka auna shi ka san shi.

Yadda ake aunawa:

Ka cire eriyoyin, ka kawo sigina ɗaya ta sifilita zuwa duka biyun da kebul masu tsawo ɗaya. Majiyar hayaniya mai faɗi ta fi sautin guda ɗaya, domin da ita ake samun tsini mai kaifi in an yi lissafin kamanceceniya tsakanin rafukan biyu. Inda tsinin ya faɗa, shi ne yawan samfur ɗin da ɗaya ya riga ɗaya, sai ka zubar da su. Bayan haka ka ninka rafin farko da konjuget na biyu, ka ɗauki matsakaicin kusurwar, wannan ce bambancin fes. Ka cire ta a lissafi. Sannan ka koma eriya ba tare da ka tsayar da ɗauka ko ka taɓa firikwensi ba. Ka tsayar, komai ya rushe, sai a sake daga farko. Shi ya sa masu yin abin da gaske suke sa makunnin RF a gaban kowane allo maimakon kwance SMA da hannu.

Ka kuma kula da tsawon kebul. A RG-58 sigina na tafiya da kashi 66 cikin ɗari na saurin haske, tsawon zango ɗaya a 433 MHz ya zama kusan santimita 46 a cikin kebul. Santimita ɗaya na bambanci kusan digiri 8 ne.

Bunza74
Digiri 8 a santimita ɗaya? Kai. Ashe yanka da reza da ido ba zai yi ba.

Malama_Zuru
Zai yi, Malam Bunza, in kebul ɗin da za su je eriya su ne a cikin awon. Abin da aka auna ba ya cutarwa, wanda aka bari a waje ne ke cutarwa. Kuma tazarar eriyoyin kada ta wuce rabin zango, a 433 MHz kusan santimita 34, in ba haka ba kusurwa biyu daban za su ba ka amsa ɗaya.

Yauri_Lab
Ni maganar u-blox ɗin ce ta tsaya mini. Na farko, wanne? NEO-6M da ya cika kasuwa bugunsa bai wuce 1 kHz ba a takardarsa. NEO-7M da M8 ne ke kaiwa 10 MHz. Na biyu, ko sun kai, ba madogarar rediyo ba ce. Daga agogon ciki na 48 MHz suke yanko bugun. 48 a raba da 10 ya ba da 4.8, babu zagaye 4.8, don haka wani bugun zagaye 5 ne wani 4. Zagaye ɗaya na 48 MHz kusan nanosakan 21 ne, bugun da gaba ɗayansa nanosakan 100 ne yana karkarwa da 21. Matsakaicinsa a minti ɗaya daidai yake ƙwarai, mitar ƙirga za ta nuna maka 10.000000 ka yi murna, amma PLL ba matsakaici yake ci ba, gefe-gefe yake bi. Sakamako: layukan bogi a gefen kowace sigina a wotafol, hoton siginoni da manhajar SDR ke zanawa, wani lokaci ma ya ƙi kamawa.

Bunza74
To a sa 8 MHz ko 12 MHz mana, tunda suna raba 48 ba saura.

Yauri_Lab
Ya rage karkarwar sosai, amma bai kashe ta ba. Osiletan allon sakakke ne, GPS ba ya jansa, gyaran ta hanyar tsallake zagaye ko ƙara zagaye ake yi lokaci-lokaci, tsallen 21 ɗin nan yana nan, sai dai jefi-jefi. Kuma CLKIN na HackRF 10 MHz kaɗai ya sani sai an taɓa famwaya, manhajar cikin allon. GPSDO na gaskiya, wato osiletan da GPS ke daidaitawa, akasin haka yake aiki: osileta mai tsabta ne ke fitar da siginar, GPS kuwa a hankali yake jan kunnensa, cikin sakan ɗaruruwa.

Akwai kuma dokar da ake mantawa: hayaniyar fes ta madogara tana hawa da 20 log N in an ninka firikwensin sau N. Daga 10 MHz zuwa 433 MHz kusan dB 33 ne, zuwa 2.4 GHz kusan dB 48. Ƙazantar da ba ka gani a 10 MHz, can sama za ta yi maka sallama.

Kaura_SDR
Ku tsaya. Mi ya kawo GPS cikin wanga aiki tun farko? Alluna biyu kan tebur guda. Gane ɓangare bai damu ko agogon ya yi daidai da na duniya ba, shi dai su biyun su sha guda. Gajeren kebul SMA daga CLKOUT, bakin fitar agogo, na ɗaya zuwa CLKIN na ɗayan, shi ke nan. Ba T, ba GPS, ba kashe kuɗi.

A ba da umarnin hackrf_clock -o 1 a kan mai bayarwa, domin a sababbin famwaya CLKOUT a kashe yake zuwa. Sannan hackrf_clock -i a kan mai karɓa, zai gaya maka ko ya ga agogo. Da -d da lambar allo ake zaɓen wanda ake magana da shi, hackrf_info na nuna lambobin. In anka cire USB anka mayar, a sake dubawa. Kuma a lura, HackRF ba ya komawa kan agogon waje sai lokacin da ake fara ɗauka ko watsawa. Ka jona kebul ana tsakiyar ɗauka, kan kiristal ɗinshi yake har yanzu.

Injiniya_Gwandu
Kaura ya yi gaskiya, wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga firikwensi. Ga lokaci kuma, HackRF na da tiriga a cikin allo, a jerin ƙafafun P28: ta 15 fita, ta 16 shiga, a haɗa ƙasa da ƙasa. Sai a kunna hackrf_transfer da zaɓin -H a kan mai jira tukuna, sannan a kunna mai bayarwa. Da haka farawarsu za ta zo cikin samfur ɗaya. Amma samfur ɗaya a miliyan 20 nanosakan 50 ne, zagaye sama da 20 na 433 MHz ke nan. Awon da Malama ta bayyana ba ya faɗuwa.

TsohonMaiGyara
Tunda an ambaci T, bari in yi magana kai, don shi ke ƙone kaya. CLKIN na HackRF sigina mai kusurwa yake so, daga 0 zuwa 3.3V, kar ta haura kar ta gangara ƙasa da sifili. Mafi yawan OCXO (osileta mai tanda) da GPSDO na tsohon kayan sadarwa sain suke fitarwa, mai lilo sama da ƙasan sifili. +7 dBm kan om 50 kusan 1.4V ne daga tsini zuwa tsini, +13 dBm kusan 2.8V, rabinsa ƙasan sifili. In kuma babu om 50 a ƙarshe, ninki biyu za ka samu. Ka dunƙula wanga ka ba CLKIN, ko ya ƙi gani ko ka raunata Si5351.

Maganin bai kai kuɗin kati ba. Rezisto om 51 daga shiga zuwa ƙasa. Kondensa 100 nF a jere. Rezisto 10k biyu, ɗaya zuwa 3.3V ɗaya zuwa ƙasa, su riƙe ƙofar a 1.65V. Sai 74AC04, ƙofa shida ce, ta farko ta gyara siffa, sauran kowace ta ciyar da allo guda ta rezisto om 33 zuwa 47 a jere. Kondensa 100 nF manne da ƙafar wuta ta guntun, ba can nesa ba. Ƙofofin da ba a amfani da su a ɗaure shigarsu ƙasa.

Kuskuren da aka fi yi bayan haka: a ƙara om 50 a bakin CLKIN wai don tsabta. Sai 3.3V ta koma kusan rabi, allo ya ce bai ga komai ba. Reziston jere na can baya shi ke shanye amsa-kuwwar, ƙarshen a bar shi buɗe. T kuwa da dogayen kebul biyu buɗaɗɗu, gefen siginar zai yi ta kai-komo, ka ga tsini ya haura 3.3V a sikof.

MaiDish_Argungu
Baba, sifilitan dish fa? Waɗanda aka rubuta 5 zuwa 2400 MHz, 10 MHz na ciki.

TsohonMaiGyara
Ga sain yana yi. Om 75 ne, ana asarar wajen dB 4 a kowace ƙafa, ba abin damuwa ba ne ga na'urar da ke karɓar sain. Ga mai kusurwa a'a, ba ya wuce da DC, zai mayar maka da ita tana lilo ƙasan sifili, ka koma gidan jiya.

MaiDish_Argungu
Madalla. Tunda ana maganar madogara, inda abin ya fi fitowa fili ai QO-100 ne, tashar masu rediyon sha'awa ta kan tauraron Es'hail-2 a digiri 25.9 gabas. Daga nan Kebbi dish na kallon sama kusan digiri 60, ba itace ba gini. Ƙaramin zangon yana saukowa daga 10489.500 zuwa 10490.000 MHz, LNB, kan da ke gaban dish, na cire 9750, SDR ya gani a 739.5. To 9750 ɗin daga kiristal 25 MHz ake ninko shi sau 390. Kaucewar ppm ɗaya 9.75 kHz ce, alhali muryar SSB gaba ɗayanta 2.7 kHz ce. LNB na kan rufi a rana, gajimare ya gifta kawai sai ka ga duk layukan wotafol sun karkace kamar iska ta kaɗa gero. A nan GPSDO a SDR ɗin ba ya tsinana komai, LNB ne mai laifin.

Yauri_Lab
Hanya biyu. Ko a cire kiristal ɗin LNB mai baki biyu, a tura 25 MHz daga GPSDO ta baki na biyu, a tace ta zama sain kafin ta hau kebul don kada 'ya'yanta, wato ninke-ninken firikwensinta, su cika zangon. A fara buɗe LNB ɗin a karanta kiristal, wasu 27 MHz ne. Ko kuma a bar shi yadda yake, a sa SDR Console ya kama bikon ɗin tsakiya na 10489.750 ya riƙa gyarawa da kansa. Ga saurare, ta biyun ta wadatar, ba dalma ba komai. Watsawa a 2.4 GHz ne ba shi da wannan gata. ADALM-Pluto na zuwa da osileta 40 MHz mai ppm 25, a 2400 MHz zai iya kai 60 kHz, kuma yana zamewa da ya fara ɗumi. Wannan sai madogarar waje ko a canza masa TCXO, osileta mai gyara kaucewar zafi da kansa. Watsawar kuma sai mai lasisi, kada wani ya ce a nan ya ji.

Admin_BK
Jama'a, QO-100 a buɗe masa nasa zaren. Tambayar ɗan Jega ba a gama da ita ba.

Kaura_SDR
Ranka ya daɗe, abu guda kafin a bar shi, don ya shafi kowa: kowace na'ura da abin da take sha. HackRF, Airspy R2 da USRP 10 MHz. RSPdx da RSPduo na SDRplay 24 MHz. Pluto 40. RTL-SDR 28.8, shi kuma ba shi da baki, sai an shiga allo da dalma. Wanda zai sayi GPSDO ya duba wanga tukun. Irin na Leo Bodnar ana saita mashi kowace firikwensi daga kwamfuta, yana fitar da mai kusurwa 3.3V, ya shiga HackRF kai tsaye. Sai dai ƙaramin ba shi da PPS, wato bugu guda kowane sakan, kuma ba tanda gare shi ba.

Gusau_Timing
Maganar tanda ta kawo mu ga abin da ya fi damun mu a nan: zafi da wuta. A Afrilu inuwa ma ta haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, da asubar hunturu kuma a sauko ƙasa da 20. Kiristal tsirara yana bin wannan duka. TCXO na gyara kansa ya tsaya a ppm ɗaya ko biyu, amma wasu a tsalle-tsalle suke gyaran, za ka ga layi ya yi ɗan mataki a wotafol. OCXO yana zaune a tandarsa sama da zafin ɗaki, iskar fanka ce abokiyar gabarsa ba zafin ba. A sa shi a akwati, kada a naɗe shi ruf da soso har tandar ta kasa sauke zafi.

Duk sanda aka ɗauke wuta tanda ta huce, minti 10 zuwa 15 za ta yi ɗumi, amma komawa daidai inda take sai an yi awanni. Don haka ba a haɗa shi da soket kai tsaye. Misali GPSDO mai jan wat 5 a 12V, kusan 0.4A ke nan, batir 7Ah in ba a son a zuƙe shi fiye da rabi zai riƙe awa 8. A ɗauko DC daga batir ta regileta mai layi, kada a bi ta inbata da ƙaramar caja mai sauyi, ƙararsu tana hawa kan 10 MHz ta zama layuka a gefen sigina.

Sai GPS ɗin kansa. Muna kusa da ikwetan maganaɗisu, bayan magariba zuwa tsakar dare sararin sama na dagula siginar taurarin, ya fi yawa wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Ƙarfin sigina ya riƙa faɗuwa, wasu taurarin su ɓace su dawo. A irin wannan lokaci GPSDO na shiga riƙon ƙwarya, osiletan ciki ne ke riƙe da gida. Mai OCXO zai riƙe awanni ba ka lura ba, mai TCXO nan da nan zai fara zamewa. Allon lokaci irin M8T, in aka bar shi ya auna wurinsa ya kafe, ko tauraro ɗaya ya rage zai ci gaba da ba da lokaci.

Bunza74
Eriyar GPS a taga ba ta isa ba?

Gusau_Timing
Za ta kama, amma rabin sama take gani, sauran kuma abin da ya dawo daga kwanon maƙwabta ne, tafiyarsa ta fi tsawo, lokaci ya riƙa yawo. A kai ta saman rufi. RG-6 na dish ya fi RG-58 a 1575.42 MHz nesa ba kusa ba, om 75 ɗin ba ya hana komai, mita 20 eriya mai dB 26 zuwa 28 za ta ɗauka. A sa abin kare tsawa mai wuce DC, domin ta kebul ɗin eriyar ke cin wuta, a kai shi ƙasa da waya mai kauri kafin damina.

ƊanJega_RF
Na gode ƙwarai. To in aka bar eriya biyu wuri ɗaya, aka ajiye masu karɓa uku a garuruwa daban, a ce Birnin Kebbi, Jega da Argungu, a kwatanta lokacin isowar sigina? Nan ai fes bai shigo ba ko?

Injiniya_Gwandu
Bai shigo ba, amma nan ne GPS ya zama dole, kuma PPS ne sarki ba 10 MHz ba. Sigina na cin mita 300 a maikrosakan ɗaya. Agogon kwamfuta da ake daidaitawa da NTP ta intanet ɗin waya yana kuskure da milisakan da yawa, milisakan ɗaya kuwa kilomita 300 ne, ka fita daga jihar ma. PPS na allon u-blox na yau da kullum yana cikin nanosakan 30 ko makamancin haka, wajen mita 9. Kowane wuri na buƙatar biyun: PPS ya ce "yanzu", 10 MHz ya riƙe ƙirgar samfur tsakanin bugu da bugu. In babu na biyun, allo mai ppm 20 zai tara maikrosakan 20 cikin sakan ɗaya, kilomita 6.

A HackRF, PPS mai 3.3V na shiga ƙafar tiriga ɗin nan. A tabbata duka ukun bugu ɗaya suka jira, in ɗaya ya makara ya kama na gaba, sakan guda cur ya shiga tsakani. Jinkirin kebul ɗin eriyar GPS ma a saka shi: RG-6 kusan nanosakan 4 a mita, mita 20 nanosakan 80, mita 24 a ƙasa. A u-center, manhajar u-blox, cikin saƙon CFG-TP5 akwai gurbinsa. In kebul ɗin wuraren uku tsawo ɗaya ne, ya soke kansa.

Malama_Zuru
A USRP B210 abin a shirye yake, bakin 10 MHz daban, na PPS daban, amma ba ya komawa kansu da kansa kamar HackRF. Sai an ce set_clock_source("external") da set_time_source("external"). A jira get_mboard_sensor("ref_locked") ya ce eh kafin komai. Sannan set_time_unknown_pps, ko a karanta sakan daga GPS a ba set_time_next_pps wannan sakan da ƙarin ɗaya, a jira bugun ya wuce. Umarnin fara ɗauka kuma a ba shi lokaci a gaba, kada a ce "yanzu". A nan ake yawan faɗuwa: saƙon NMEA, wanda allon GPS ke faɗin lokaci da shi, yana zuwa ne bayan bugun da yake bayani a kai, wanda ya manta ƙarin ɗayan zai zauna da kuskuren sakan guda yana neman sa a kebul. A kuma tabbata duk wuraren lokaci iri ɗaya suke karantawa, lokacin GPS yana gaban UTC da sakan 18 tun 2017.

Bunza74
Mu masu RTL-SDR mai arha fa, mu koma gefe?

Kaura_SDR
A'a. In firikwensi kawai kake so ta zauna, hasumiyar GSM ta unguwarku madogara ce kyauta, ƙa'idarsu ppm 0.05 ce. Ka bar dongul ya yi minti 20 yana aiki ya yi ɗumi, da manhajar kalibrate ka ce kal -s GSM900, ka zaɓi tasha mafi ƙarfi, kal -c da lambarta, ya ba ka ppm, ka rubuta cikin SDR# ko GQRX. rtl_test -p da agogon kwamfuta yake kwatantawa, makaho ne ke jan makaho. Ga bambancin lokacin isowa kuma, RTL ba shi da PPS, dabarar ita ce kowane wuri ya ɗauki wata tashar da anka san inda take, ya sauya zuwa wadda ake nema ba tare da yanke rafin samfur ba, sai a daidaita da ta farkon.

TsohonMaiGyara
Wanda ke da sikof mai hanya biyu kuma shina son ya san OCXO nai ya yi nisa da GPSDO ko a'a: tiriga kan ɗaya, ka zuba wa ɗayan ido yana rarrafe. Zagaye guda cikin sakan guda, 1 Hz, ppm 0.1. Zagaye guda cikin sakan 100, ppb guda, wato kashi guda cikin biliyan. Ka juya fot mai zagaye goma na ƙafar gyara har rarrafen ya kusa tsayawa, ka dawo gobe ka sake dubawa. Kuma 10 MHz mai kusurwa na yoyo ta kebul mai arha, za ka gan shi 30, 50, 70, har 150 MHz tsaye ƙyam. Kebul mai sulke biyu, RG-223 ko RG-400, da zoben ferait. In ƙasan na'urori biyu na faɗa, tiransifoma 1:1 na tsohon katin netwok na wuce 10 MHz sain lafiya lau.

Yauri_Lab
Mu koma tambayar farko. Ra'ayina, HackRF biyu ba kayan wannan aiki ba ne. B210 hanyoyinsa biyu na karɓa osileta ɗaya suke sha a cikin AD9361, rabin wahalar ta tafi. KrakenSDR kuwa hanya biyar ne a agogo ɗaya, da majiyar hayaniya da makunnai a ciki, duk sauya tasha yana sake awon da kansa. Abin da Malama ta bayyana da hannu, shi ne aka rufe a akwati. Kuma eriya biyu ba sa bambanta gaba da baya, sai uku zuwa sama.

Injiniya_Gwandu
Ban ƙi ba, amma mutum da abin da ke hannunsa yake tambaya. HackRF biyu, kebul ɗaya na agogo, waya biyu na tiriga, sifilita da makunnin RF biyu, a firikwensi ɗaya tsayayya, yana aiki. Gaba da baya kuma a juya eriyoyin digiri 90 a sake ɗauka.

Malama_Zuru
Yana aiki in fes ɗin ya zauna tsawon ɗaukar, wannan kuma aunawa ake yi. @ƊanJega_RF, kafin ka sayi komai: CLKOUT zuwa CLKIN, sigina ɗaya ta sifilita, ka bar su minti 30 su yi ɗumi, sannan ka zana bambancin fes na tsawon awa ɗaya. In layin yana gangara ba tsayawa, agogon bai kama ba, koma kan hackrf_clock -i. In ya yi tsalle farat ɗaya, samfur ne suka zube a USB, ka rage gudu zuwa miliyan 8 ko ka raba su kan mashiga daban. In yana lilo a hankali da digiri kaɗan, zafi ne, ka kashe fanka ka gani.

ƊanJega_RF
To Malama. Mashigar USB daban ɗin, ko kowane rami ya isa, ko sai an duba wani abu?

Kaura_SDR
Ramuka biyu na gefe guda galibi uwa guda gare su. lsusb -t zai nuna maka wane ke ƙarƙashin wane. Samfur miliyan 20 na HackRF megabait 40 ne a sakan, guda ɗaya ma ya kusa cika USB 2.0, balle biyu.